Zauren Iyali: Wuta Ta Tafi, Wa Za Mu Tambaya?

 

Duk wanda ya taɓa kwana a Navrongo cikin watan Maris ya san abin da ake kira zafi. Ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana, bango da kwanon rufi su yi ta shan rana tun hantsi, idan dare ya yi kuma su shiga amayar da abin da suka sha. A irin wannan dare ne, an idar da sallar isha'i, yara sun buɗe littattafansu, uwargida ta jera lamurje da zoɓo a firji domin cinikin gobe, sai ka ji fanka ta yi tsit, unguwa ta yi baƙi ƙirin. Ba wanda ya sanar da mu za a ɗauke, ba kuma wanda zai ce ga lokacin da za a kawo. Sai a fito da tabarmi tsakar gida, a bar wa sauro jiki har asuba. Da gari ya waye ƙanƙara ta narke, lamurje ya yi tsami, tela ya zauna yana kallon kekensa, mai injin niƙa yana ba mata haƙuri. Labarin ke nan a Salaga da Yendi da Bawku, sai dai a Bawku, inda dokar hana fitar dare ta sha tsare mutane a gida saboda rikicin sarauta, duhun ya fi nauyi a zuciya.

Mutanen kudu sun raɗa wa wannan hali suna dumsor, daga kalmomi biyu na Tonanci, harshen Asante, ɗaya tana nufin kashe, ɗaya tana nufin kunna. Mu kuwa a zangunanmu mun fi rufe zancen da cewa Allah Ya kawo sauƙi. Addu'a ce mai kyau, ba kuma za mu daina yin ta ba. Amma wutar lantarki aikin hannun mutane ce. Akwai waɗanda aka naɗa su kula da ita, ana biyan su albashi daga dukiyar jama'a, mu kuma muna sayen ta da kuɗinmu. Wanda aka damƙa wa amana ana tambayarsa yadda ya yi da ita, kuma tambayar ba rashin ladabi ba ce. Abin da muke so mu tattauna a yau ke nan: mene ne ya kawo duhun, kuma wa ya kamata ya ba mu amsa.

Bari mu fara da tarihi, domin akwai abin da 'ya'yanmu ba su sani ba. An kafa hukumar kogin Volta, wato VRA, a 1961, aka kammala madatsar Akosombo a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Ruwan da ke juya injinanta daga wajenmu yake gangarawa. Farin Volta yana shigowa Ghana ta yankin Bawku, kogin Oti yana bi ta gabashin Yendi, kogin Daka kuma ya ratsa kusa da Yendi ya nufi ƙasar Gwanja kafin ya faɗa tabkin. Da aka toshe kogin, ruwa ya malale kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutum wajen 80,000 daga gidajensu. A cikin garuruwan da ruwa ya ci akwai tsohon Kete-Krachi, inda fataken goro Hausawa suka koma bayan yaƙin Salaga na 1892, inda kuma shehun malami Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Salaga kanta, kasuwar da kakanninmu ke tasowa tun daga Kano da Katsina su zo sayen goro, tabkin ya yanke mata hanya. Tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale da ke bi ta Yeji da Makango ta koma sai da jirgin fito, manyan motoci suka karkata ta Kintampo da Buipe, garin ya zauna a gefe.

To, me arewa ta samu a madadin wannan? Kaso mafi tsoka na wutar Akosombo a farkon zamaninta masana'antar narka sanholo ta VALCO da ke Tema aka ba, saura kuma ya tafi biranen kudu. Arewa ta ci gaba da dogara ga injinan gas a 'yan manyan garuruwa, ƙauyuka kuma da aci-balbal da fitilar ƙwai. Sai a 1987 VRA ta kafa sashen rarraba wuta na arewa, wanda shi ne ya zama kamfanin NEDCo mai hedkwata a Tamale, kuma sai a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 manyan wayoyi suka iso Tamale da Bolgatanga. Wato sama da shekara ashirin muka jira hasken da aka samar da ruwan ƙasarmu. A 1989 gwamnati ta tsara shirin kai wuta ko'ina cikin ƙasa nan da shekarar 2020. An yi aiki mai yawa a ƙarƙashinsa, gaskiya ne, har Ghana ta shiga sahun gaba a Afirka ta Yamma wajen yawan gidajen da ke da wuta. Amma 2020 ta zo ta wuce, ga ƙauyuka nan a bayan Salaga da Yendi da har yau ba su ga turken wuta ba. Mun kawo wannan ne domin kada wani ya ɗauka alfarma muke roƙo idan mun yi magana. Mun riga mun biya tun kafin a haifi yawancinmu.

A da, in wuta ta yi ƙaranci, fari ake ɗora wa laifi, kuma da gaskiya a ciki. Haka aka yi a 1983 da 1984, aka sake a 1998, aka kuma sake daga Agustan 2006 zuwa ƙarshen daminar 2007, lokacin da ruwan Akosombo ya sauka ƙasa da ƙafa 240, wato iyakar da injina ke bukata su yi aiki lafiya. A shekarar ce gwamnatin Shugaba Kufuor ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta guda miliyan 6 kyauta. Darasin da aka ce an koya shi ne kada ƙasa ta rataya rayuwarta a kan damina kaɗai, don haka aka ƙara gina tashoshi masu ƙona mai da iskar gas a Aboadze da Tema.

Sai ga babban dumsor na 2012 zuwa 2016. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun da ke kawo iskar gas daga Nijeriya a gaɓar tekun Lome, aka yi kusan shekara guda ba a gama gyara ba. Ko da aka buɗe madatsar Bui mai megawat 400 a Disambar 2013, giɓin bai cike ba, domin ruwa ya yi ƙasa, kuɗin sayen mai ya yi wuya, tsofaffin injina suna ta lalacewa. A 2015 an kai matsayin da wasu unguwanni ke samun wuta awa 12, su zauna awa 24 babu. Cibiyar binciken tattalin arziki ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta ƙiyasta asarar da ƙasa ta yi a 2014 kaɗai da kimanin dala miliyan 680. A ranar 16 ga Mayun 2015 'yar wasan fim Yvonne Nelson ta jagoranci dubban mutane suka yi tattaki a Akra riƙe da kyandir da fitilu.

A wannan zamani ne aka yi wani abu da ya kamata a riƙa tunawa da shi. An ƙirƙiri ma'aikatar wutar lantarki ta musamman a ƙarshen 2014, aka ba Dakta Kwabena Donkor, ɗan majalisar yankin Yeji a lokacin. Ya fito fili ya ce in bai kawo ƙarshen ɗauke wuta ba kafin 2015 ta ƙare, zai sauka. Da ranar 31 ga Disamba ta zo, ya ajiye aiki. Ana iya saɓani a kan ayyukansa, amma ya ɗaure kansa da rana, ya kuma tsaya a kan maganarsa. Alkawari kaya ne, in ji Bahaushe, kuma ba kasafai muke ganin mai mulki ya yarda kayan sun fi ƙarfinsa ba. A zaɓen Disambar 2016 jama'a suka sauke gwamnatin Shugaba John Mahama, duhun waɗancan shekaru yana cikin abubuwan da suka tafi da shi rumfar zaɓe.

Sai dai maganin gaggawa ya haifar da wata cutar. Cikin ruɗewa aka ƙulla yarjejeniyoyi da kamfanoni masu zaman kansu, aka kawo jirgin ruwa mai samar da wuta daga Turkiyya ya tsaya a Tema a ƙarshen 2015, aka sa hannu a kwangilar AMERI ta dala miliyan 510. Yawancin yarjejeniyoyin suna ɗauke da sharaɗin cewa ko an sha wutar ko ba a sha ba, sai an biya, kuma da dala. A 2019 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya shaida wa majalisa cewa ƙarfin tashoshin ƙasar ya haura megawat 5,000 alhali bukata ba ta wuce kimanin 2,700 ba, kuma ana biyan wajen dala miliyan 500 a shekara domin wutar da ba a amfani da ita. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Daga nan ne matsalar ta tashi daga ta injina ta koma ta bashi: mai rarraba wuta bai tara kuɗi yadda ya kamata ba, bai biya mai samarwa ba, mai samarwa bai biya mai iskar gas ba, mai iskar gas ya rage abin da yake turowa, fankarmu ta tsaya a Navrongo.

Abin da ya faru a 2024 ya fito da wannan sarari. A ranar 29 ga Fabrairu kamfanin ECG, mai rarraba wuta a kudu, ya yanke wa majalisar dokoki ta ƙasa wuta ana tsakiyar zama, saboda bashin sidi miliyan 23. In gidan da ake yin doka bai biya kuɗin wuta ba, da wane baki za a tsawata wa talaka? A watan Maris, wanda ya zo daidai da azumin Ramadan da tsananin zafi, wuta ta riƙa tafiya ba tsari, jama'a suka ce a ba su jadawali kamar yadda aka yi a 2015, domin kowa ya san yadda zai tsara sahur da buɗa-baki da sana'arsa. Ministan makamashi na lokacin, Dakta Matthew Opoku Prempeh, ya amsa cewa masu neman jadawali su kawo nasu. Hukumar kula da farashi da ingancin wuta da ruwa, PURC, wadda aka kafa a 1997, ta umurci a fitar da jadawalin, a watan Afrilu kuma ta yanke wa 'yan kwamitin gudanarwar ECG tarar da ta haura sidi miliyan 5.8 saboda ɗauke wuta ba tare da sanarwar kwana uku da doka ta tanada ba. Sun ƙalubalanci hukuncin, amma mu dai mun ƙaru da sani: akwai doka da ta ce in za a ɗauke wuta da gangan domin aiki, sai an sanar da mai saye tun da kwana uku. Dokar ta hau kan mai rarrabawa a kudu da na arewa baki ɗaya. A Oktoban shekarar kamfanin Sunon Asogli ya kashe tasharsa saboda bashin dala miliyan 259.

Mulki ya sake juyawa a zaɓen Disambar 2024. A 2025 ministan makamashi John Jinapor ya bayyana cewa kwantenonin kayan aikin ECG sama da 1,300 sun yi ɓatan dabo a tashar jiragen ruwa ta Tema. A shekarar ce kuma aka ƙara harajin sidi ɗaya a kan kowace litar mai domin biyan basussukan wuta, a kan harajin makamashi da aka riga aka sa tun Disambar 2015. Mai babur a Yendi da mai a-daidaita a Bawku duk sun shiga cikin masu biyan wannan bashi. Wanda ya duba jerin nan zai ga cewa duhu bai san lema ba, bai san giwa ba. An yi shi a zamanin Rawlings da Kufuor da Mahama da Akufo-Addo. Saboda haka wanda ya yi shiru don jam'iyyarsa ce ke mulki, ya kuma ɗaga murya don ta faɗi, bai taimaki kowa ba.

Mu dawo gida. A Pungu, nan gefen Navrongo, VRA ta buɗe tashar hasken rana a watan Mayun 2013, ita ce irinta ta farko da aka haɗa da babban layin ƙasa, ƙarfinta megawat 2.5. Mutane da yawa sukan yi mamakin yadda garin da ke da tasha zai kwana cikin duhu. Dalili shi ne tashar ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada da bukatar ƙasa, wadda ta haura megawat 3,500, ba ta aiki da dare, kuma irin wannan tasha a cikin babban layi take zuba abin da ta samar, in layin ya mutu ita ma sai ta tsaya. Ban da haka, muna can ƙarshen waya ne, ɗaruruwan kilomita daga inda manyan tashoshi suke, shi ya sa sau da yawa wutar kan iso mana a raunane, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, firji ya yi ta gurnani har ya ƙone. An ƙara gina tashoshin rana a Lawra da Kaleo, an kuma ja babban layi daga Kumasi zuwa yankin Bolgatanga, daga nan wani ya wuce Wagadugu tun 2018 ana sayar wa Burkina Faso wuta. Ciniki da maƙwabci abu ne mai kyau, amma haƙƙinmu ne a gaya mana yadda ake rabon a ranar da wutar ba ta isa ba.

Babban alkawarin da aka yi mana shi ne madatsar Pwalugu a kan Farin Volta. A watan Nuwamban 2019 Shugaba Nana Akufo-Addo ya aza harsashinta, aka ce za ta ci dala miliyan 993, ta ba da megawat 60 na ruwa da 50 na rana, ta shayar da kadada 25,000 na noman rani, ta kuma tare ambaliyar da ke cinye gonakin Bawku ta Yamma da maƙwabta duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Bagre a Burkina Faso. Wa'adin kimanin shekara huɗu da aka ɗiba ya cika ya wuce, ba a ga madatsa ba. A 2024 ya fito fili cewa an riga an biya kusan dala miliyan 12 da sunan aikin. Wannan kuɗin jama'a ne, kuma manomin da ruwa ya ci gerorsa yana da haƙƙin ya ji abin da aka yi da shi dalla-dalla, daga bakin wanda ya fitar da kuma wanda ya gaje shi.

Yanzu kuma mu juyo da madubi wajenmu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A unguwanninmu akwai masu jan waya ta bayan mita, akwai masu kiran yaro ya taɓa mita da dare, akwai shaguna da gidaje, har da wasu masallatai da makarantu, da suka ɗauka wuta kyauta ce. A Tamale rikici a kan satar wuta ya kai ga ma'aikata sun janye daga aiki a 2021, unguwannin da ba su ji ba su gani ba suka zauna cikin duhu. Duk wutar da aka sha ba a biya ba tana komawa kan mai gaskiya ta hanyar ƙarin farashi da haraji, tana kuma yi wa taransifoma nauyi har ta fashe. Malamanmu ba su yi saɓani ba a kan cewa cin dukiyar jama'a ba bisa haƙƙi ba haramun ne, kuma ba ya halatta don wasu manya sun ci nasu. Mai wayar sata ba shi da bakin tambayar minista. Wanda ke riƙe da rasit ɗinsa shi ne zai iya ɗaga kai.

To, me za mu yi? Shawararmu ita ce kowane zango ya samu littafi guda a hannun wani matashi mai rubutu, a riƙa shigar da ranar da aka ɗauke wuta, da ƙarfe nawa, da lokacin da aka kawo, da abin da ya lalace. Ƙorafin baki iska ke tafiya da shi, amma littafin wata uku da sa hannun sarkin zango da liman da shugabar mata hujja ce. A kai kwafi ofishin mai rarraba wuta, in ba a ji amsa ba a wuce ofishin PURC a Tamale ko Bolgatanga, domin sauraron irin wannan koke na cikin aikin da aka kafa ta dominsa. Akwai kuma dokar 'yancin neman bayani ta 2019, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata takarda ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana 14. Ƙungiyoyinmu na Navrongo da Bawku za su iya haɗa takarda guda a kan Pwalugu. Idan ɗan majalisa ko wakilin unguwa ya zo gaisuwar salla, bayan an yi masa maraba an ba shi ruwa, a buɗe masa littafin, a nemi ya faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi shi, a rubuta a gabansa.

A cikin gida kuma, a riƙa zare firji da talabijin daga bango da zarar an ɗauke wuta, domin dawowarta da ƙarfi ke ƙona kaya. Kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko zaure rufaffe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mai barci ya farka ba. Kada a bar yara da kyandir kusa da katifa ko gidan sauro. Matan da ke adashi za su iya ware zubi guda domin ƙaramin faifan hasken rana da batir, wanda zai riƙe ƙwai biyu da fanka da cajin waya, ko ba komai yaran da ke shirin jarrabawa su samu abin karatu.

Ba mu ce gwamnati ta yi abin da ya fi ƙarfinta ba. Inji yakan lalace, damina takan gaza, bututu yakan fashe, kowa ya san haka. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba: in za a ɗauke a sanar da mu, in an ci bashi da sunanmu a gaya mana nawa ne da inda ya tafi, in an yi alkawari an kasa a fito a faɗa. Uwargidan da lamurjenta ya yi tsami ta biya kuɗin mita, ta biya harajin mai a cikin kuɗin mota, kakanninta kuma sun bar gidajensu a ƙarƙashin tabki. Ta cancanci a yi mata bayani.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon sauke namu nauyin, Ya haskaka gidajenmu da zukatanmu. Masu son aiko mana da labarin yadda wuta take a garuruwansu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.